Neman akwatin hatimi a tuddan Dartmoor da yaro ɗan shekara 7: daga ina za mu fara?

Maman Auta, Exeter:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda ke zaune a nan Devon ta Ingila ko suka taɓa shiga Dartmoor da ƙafa. Auta ya dawo daga makaranta da wani zance da ya hana mu sakat. Wai wani ɗan ajinsu yana da littafi cike da hatimai iri-iri, kowanne daga wani ɗan akwati da aka ɓoye a ƙarƙashin duwatsu can cikin dawa. Mutanen nan suna kiran wasan letaboksin. Na yi masa alkawarin za mu je a hutun ƙarshen watan Mayu, alkawari kuwa kaya ne. Shekararsa 7, yana da kuzari, amma bai taɓa doguwar tafiya a wurin da babu kwalta ba. Na ji an ce akwatin farko yana wani wuri mai suna Cranmere Pool, shi ne na ce me zai hana mu fara daga tushe? Ni da shi ne kawai, babansa yana aiki ranar. Me zan tanada, kuma yaya ake gane inda akwatunan suke?

Ɗan Jos a Plymouth:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, don Allah ki cire Cranmere Pool daga lissafi. Gaskiya ne can abin ya samo asali. A 1854 wani ɗan jagora daga garin Chagford mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a wurin, don duk wanda ya sha wuya ya isa ya bar katinsa a ciki. Daga baya mutane suka riƙa barin katin wasiƙa da adireshinsu, wanda ya zo bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya, daga nan sunan akwatin wasiƙa, wato letaboks da Turanci, ya bi wasan. To ki lura da dalilin da ya sa ya zaɓi wurin: saboda wuyar zuwa. Tsakiyar arewacin Dartmoor ne, taɓo ta ko'ina, babu itace ko gini da za ki riƙe a matsayin alama, kuma yana cikin filin harbin soja na Okehampton. Ko tafkin da wurin ya ci sunansa ma babu wani ruwan kirki a cikinsa yanzu, kwari ne mai laka. Ni babba na je sau biyu, na dawo ƙafata jiƙe har gwiwa. Yaro ɗan shekara 7 zai gaji tun ba ku yi rabi ba, kuma babu wata gajeriyar hanyar komawa mota.

Shekara shida ke nan ina wannan yawo da 'ya'yana. Ki fara da wurin da za ki iya hango motarki ko hanya daga inda kike.

Kawu na Bristol:
Ni dai ban gane ba. Mun baro ƙauye mun zo inda akwai wuta da ɗumi, sai kuma a ɗauki yaro ƙarami a kai shi dawa cikin sanyi neman gwangwani? 'Yata, ba don in kashe miki gwiwa ba, amma mace ita kaɗai da yaro a wurin da waya ba ta kamawa, hankalina bai kwanta ba. A kai shi gidan namun daji mana, ko bakin teku.

Maman Auta, Exeter:
Kawu na gode, na san kulawa ce. Amma wallahi abin da ke damuna shi ne yaron nan tun daga Oktoba har Maris daga makaranta sai ɗaki, daga ɗaki sai allon waya. Mu da muka tashi a gida, kafin shekara 7 mun san hanyar rafi, mun san wace ƙaya ce ke da zafi. Shi ko gabas bai sani ba sai an nuna masa a waya. Yau da bakinsa ya nemi fita waje, ba na so in ce a'a. Batun ni kaɗai kuwa na karɓa, zan nemi abokiyar tafiya.

Baban 'Yan Biyu, Taunton:
Kawu yana da gaskiya a gefe guda, wurin ba abin wasa ba ne. Manyan 'ya'yana sun shiga tafiyar Ten Tors da sojoji ke shirya wa matasa a watan Mayu na kowace shekara, kuma na ga irin horon da ake ba su watanni kafin a bar su su shiga. Faɗin Dartmoor murabba'in kilomita 954 ne, tudunsa mafi tsawo, High Willhays, mita 621. Ba tsawon ne matsala ba, hazo ne. Rana na haskawa, kafin ki gama shan shayi hazo ya sauko, dutsen da ke gabanki ya ɓace. Amma wannan ba dalilin zama a gida ba ne, dalilin zaɓen wuri ne da duba hasashen yanayi da safen ranar.

Filayen harbi uku ne: Okehampton, Merrivale da Willsworthy, duk ta ɓangaren arewa da yamma. An kafa sanduna masu ja da fari a iyakarsu. In kin ga jar tuta da rana ko jar fitila da dare, ana harbi, ba a shiga. Ana wallafa ranakun harbin a shafin gwamnati. Kuma ki ja wa Auta kunne sosai: duk wani ƙarfe da ya gani a ƙasa kada ya taɓa. Yaron da aka ce ya nemi akwati, komai ya gani zai ɗauka akwati ne. Akwatunan wasan nan na roba ne, yawanci ƙanana.

Ɗalibar Jami'a:
Anti Maman Auta, in ranar Asabar ce ni zan raka ku, na gama jarrabawa lokacin. Amma ina da tambaya ga Yaya Ɗan Jos. Me ya sa ba za a yi jiyokashin ba kawai? Shi ma neman akwati ne, manhaja ce a waya, tana kai ka har kan wurin. Ba sai an sha wahalar kamfas ba.

Ɗan Jos a Plymouth:
Ƙanwata, jiyokashin a shekarar 2000 aka fara shi, kuma ba na kushe shi, muna yi a cikin gari. Amma ki lura da abin da ke faruwa: wayar tana hannun babba, idon yaro yana kan allo, kibiya na cewa saura mita goma. Abin da Hajiya ke gudu ke nan. A letaboksin dole yaro ya ɗaga kai ya dubi ƙasa.

Bari in yi bayanin alama, wato rubutun da ke kwatanta inda akwati yake, don nan ne sababbi ke ruɗewa. Wanda ya ɓoye akwati yakan tsaya a kan wurin, ya auna wasu abubuwa da ake hangowa da kamfas, ya rubuta. Ga misali da na ƙirƙira don bayani: ƙololuwar dutse kaza digiri 120, itace guda tilo digiri 45, akwati yana ƙarƙashin faffaɗan dutse taku 8 daga wata ƙaya. Ma'ana, in kin tsaya a daidai wurin, dutsen zai kasance a 120, itacen a 45. Sai ki yi ta matsawa har ɗaya ya daidaita, sannan ki bi wannan layin gaba ko baya har na biyun ma ya daidaita. Inda suka haɗu, nan za a durƙusa a fara leƙe. Aikin Auta ke nan, domin idon yaro ya fi kusa da ƙasa, kuma wallahi sun fi mu gani. Ƙaramar 'yata ta sha gano akwatin da na wuce sau uku.

Abu ɗaya da ya ɓata mana rana a farko: takun da aka rubuta takun babba ne. In an ce 20, yaro ya ƙirga nasa 20, zai tsaya tun da saura. Ku auna a tsakar gida tun yanzu, ki yi taku goma, shi ma ya bi ya ƙirga nasa, ya san bambancin. Lissafi ne ya koya ba tare da an ce masa lissafi ba ne.

A cikin akwati za ku tarar da hatimin roba da ɗan littafin baƙi. Ku buga hatiminsu a littafinku, ku buga naku a nasu, ku sa kwanan wata. Ba a ɗauke hatimin, ba a sa alewa a ciki don dabbobi za su tono shi. A rufe murfi gam, a mayar yadda aka same shi, a ɓoye yadda mai wucewa ba zai gani ba.

Maman Auta, Exeter:
Allah ya saka da alheri Yaya. To su alamun a ina ake samu? Kuma hatimin namu saya ake yi?

Ɗan Jos a Plymouth:
Akwai ƙungiyar waɗanda suka tara hatimi 100, ita ke da kundin alamu, kuma a al'ada sai ka cika ɗarin kake shiga. Suna taro sau biyu a shekara, ranar Lahadin da ake canja agogo, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Mafi sauƙi ga mai farawa shi ne takardar alamu da ƙungiyoyin agaji ke sayarwa don tara kuɗi. Sukan jera akwatuna a zagaye guda, sababbi ne, ba su daɗe a dawa ba, don haka an fi samunsu a inda aka ce. Ina da ɗaya ta bana, zan turo miki ta akwatin sirri. Kada ki ce sai kun gama zagayen, ki zaɓi huɗu ko biyar na kusa da hanya.

Hatimi kuwa ki sayi babban abin goge fensir, Auta ya zana abin da yake so a kai, ke ki sassaƙa da ƙaramar wuƙa mai kaifi. Ki tuna rubutu a juye ake sassaƙa shi, in ba haka ba zai fito a birkice. Namu zanen dagi ne, kuma sau da yawa mun dawo mun tarar wani ya rubuta tambaya a gefensa yana son sanin ma'anarsa.

Wurin farawa: Haytor yana da ofishin baƙi da ban ɗaki da wurin ajiye mota, jama'a ba sa yankewa, ga tsohuwar hanyar tarago ta 1820 wadda da dutse aka yi layinta ba da ƙarfe ba, yara na sonta. Ko Postbridge, inda akwai tsohuwar gadar falalen duwatsu, a bi ta cikin itatuwa a hau Bellever Tor. Ni na fi son na biyun don in iska ta yi yawa akwai mafaka. Ki sayi taswirar OL28 ta takarda, kada ki dogara da waya. Ranar da na fara ganin duwatsun nan jere kan juna sai da na tuna Riyom. Dutse iri ɗaya ne, kuma su ma sun haƙi kuza a nan ɗaruruwan shekaru, ramukan da tarin tsakuwar suna nan har yau kamar na bayan garinmu.

Hajiyar Leicester:
Ni shawarata ta uwa ce. Yaro in ya nema bai samu ba, ya yi ta kuka, gobe ko da kuɗi ba zai koma ba. Ɗalibar nan tunda za ta bi ku, ta ɗan yi gaba ta ɓoye wani akwati naku a bayan dutse, ya samu ya yi murna. In an dace da na gaske, to, in ba a dace ba dai bai dawo hannu rabbana ba.

Malam na Cardiff:
Hajiya, da girmamawa, ban goyi bayan wannan ba. Yaro ɗan shekara 7 yana da wayo. In ya gane daga baya, ba akwatin kaɗai zai raina ba, duk hatiman da ya samu da guminsa zai fara shakkarsu, har da maganar mahaifiyarsa. Ƙarya ga yaro ƙarya ce, ko da niyyar faranta masa ne.

Hajiyar Leicester:
Haba Malam, wace ƙarya? Lallashi ne. Wa bai taɓa barin yaro ya kayar da shi a kokawa ba? Kai da ba ka taɓa goya yaro mai kuka a kan tudu ba, da sauƙi ka faɗi haka.

Malam na Cardiff:
Na goya, Hajiya, 'ya'ya huɗu gare ni. A kokawa yaron ya san wasa ne. Nan kuwa za a ce masa wani baƙo ne ya ɓoye, alhali ba haka ba ne. Ga hanyar da ba ta da wannan matsala: a gaya masa gaskiya, a ce yau za mu yi gwaji a filin wasa na unguwa, ni na ɓoye, kai ka nemo da kamfas. Ya koyi aikin, ya sha daɗin samu, kuma ya san na gwaji ne. Sannan tun a gida a shaida masa cewa wasu akwatunan dawa sukan ɓata, ruwa ya tafi da su ko wani ya ɗauke, har manya ma sukan nema su rasa.

Ɗan Jos a Plymouth:
Ina tare da Malam, amma tsoron Hajiya gaskiya ne, na gan shi da idona. Babban ɗana ya taɓa zama a kan dutse ya ce shi ya fasa, bayan mun rasa biyu a jere. Abin da na koya: a sa wa kowane akwati iyaka, minti goma sha biyar, in ba a samu ba a ci dabino a wuce na gaba. Kuma kada akwati ya zama shi kaɗai ne abin zuwa. A ce za mu hau wancan dutsen, za mu ci abinci a samansa, za mu ƙirga dawakai. Akwai kuma dalilin da ya sa ba a ɓoye akwati barkatai: wurin cike yake da kufai da kaburburan mutanen dā da da'irorin duwatsu na dubban shekaru, kuma ƙa'idar wasan ta hana sa akwati a cikinsu ko a jikin katangar dutse. Baƙo ba zai bambance tarin dutse da kabari ba. Wannan ma amfani ne ga mai nema: in wuri ya yi kama da ginin mutane, babu akwati a ciki, kada yaro ya fara janye duwatsu.

Kawu na Bristol:
To na ji. Salla fa? Kuma macizai?

Baban 'Yan Biyu, Taunton:
Kawu, kamfas ɗin da ake neman akwati da shi, shi ne zai nuna alƙibla. Daga Dartmoor wajen digiri 114 ne, gabas maso kudu. A bar Auta ya nemo da kansa. A tafi da leda mai faɗi a shimfiɗa ƙarƙashin darduma don ciyawar kullum a jiƙe take. Maciji mai dafi iri ɗaya ne tak a Birtaniya, yana da zane mai lanƙwasa a gadon baya, kuma a watan Mayu yakan fito shan hantsi. Ba ya bin mutum, amma wasan nan na cusa hannu ƙarƙashin dutse ne. A fara leƙawa da tocila, a taɓa da sanda, sannan hannu da safar hannu. In an shiga matsala a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce ana buƙatar masu ceto na kan tudu. Kafin ku fita a bar wa babansa sunan wurin ajiye motar da lokacin dawowa.

Sauran: daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli lokacin haihuwar tumaki ne da tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, a bi sawun hanya gwargwadon iko. Ƙananan dawakan wurin suna da masu su, doka ta hana ba su abinci, suna cizo suna harbi. In kun ga wuri kore shar fiye da kewayensa, lumbu-lumbu kamar katifa, taɓo ne, a zagaye.

Maman Auta, Exeter:
Ni abin da ya fi tsaya mini a rai kaska ce, don aikin jinya nake yi kuma na ga masu cutar Lyme da cizon kaska ke kawowa. Bari in ƙara wannan saboda 'yan uwa. Dogon wando, a cusa ƙafarsa cikin safa, in an dawo a duba bayan gwiwa, hammata, ƙugu, bayan kunne da cikin gashi. In an samu, a kama ta dab da fata da ɗan hantsakin cire kaska a ja a hankali. Kada a sa kananzir ko man shafawa ko a ƙona ta yadda muka saba yi wa dabbobi a gida. Kuma zoben ja da ake cewa a lura da shi, a fatarmu ba lallai ya fito ja ba, yana iya kama da tabon bugu, ya bayyana bayan mako ɗaya zuwa huɗu. In an ga haka ko zazzaɓi, a ga likita a ce an shiga dawa.

Na yanke shawara. Za mu yi gwaji a fili ranar Lahadi yadda Malam ya ce. Hajiya ki yi haƙuri, na fahimci nufinki, amma Auta mai bin diddigi ne, zai gane rubutuna.

Hajiyar Leicester:
Ba komai ƙanwata, ke kika san ɗanki. Amma ki riƙe safa ta biyu da rigar ruwa ko da rana ta fito, da fulas na shayi mai zafi. Yaron da ƙafarsa ta jiƙe ba ya jin wa'azin kowa.

Maman Auta, Exeter:
Salam 'yan uwa, mun je mun dawo lafiya, alhamdu lillahi. Postbridge muka yi, ni da Auta da Ɗaliba, Allah ya yi mata albarka. Mun fara ƙarfe goma, mun dawo mota kafin uku. Akwati biyar muka nufa, biyu muka samu. Na farko mun rasa, na biyu ma haka, kuma a nan idonsa ya cika da ƙwalla, ni ma zuciyata ta karye har na tuna maganar Hajiya. Muka zauna muka ci cincin, ya ce a ba shi kamfas ɗin shi zai riƙe. Na uku ashe ni ce na karanta lambar ba daidai ba, shi ya lura itacen ba ya inda ya kamata. Muka koma baya kaɗan, ya kwanta rub da ciki ya haska tocila, sai ihu. Littafin baƙin ya ɗan jiƙe amma ana karantawa, ya zauna yana duba hatiman waɗanda suka riga mu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙi tashi. Nasa zanen rakumi ne, ya buga shi a tsakiyar shafi.

Mun yi azahar a saman dutsen, shi ya nemo alƙibla. Bayan mun samu na huɗu hazo ya fara tasowa ta yamma, Ɗaliba ta ce mu sauka, muka bar na biyar. Kaska ɗaya na cire masa a bayan gwiwa da dare, ina lura da wurin.

Yaya Ɗan Jos, tambaya: tawadarmu ta bazu a takarda saboda damshi, hatimi na biyu bai fito sosai ba, abin ya dame shi. Me kuke yi?

Ɗan Jos a Plymouth:
Masha Allah, a gaishe mini da Auta. A goge hatimin akwatin da ƙyalle busasshe kafin a sa tawada, a ɗora takardar a kan wani abu mai tauri kamar murfin kwanon abinci, a danna sau ɗaya ba tare da murzawa ba. Mu kati muke yankawa ƙanana, mu buga a kai, mu sa a leda, sai mun dawo gida mu manna a littafi. Ki nemi tawadar da ruwa ba ya wankewa. Wanda bai fito ba kada ya yage shi, ya rubuta ranar da wurin a ƙasansa, in kun koma neman na biyar sai ya sake bugawa a gefe.

Kawu na Bristol:
Barka da dawowa 'yata. In za ku koma ku sanar da ni da wuri. Jikata tana da shekara 8, uwarta ta ga hoton rakumin ta ce in tambaya ko akwai wuri a motar. Ni zan zauna a bakin gadar in jira ku, gwiwata ba ta hawan dutse.